ALBASHI DA ALLURA: JAWABI GA MA'AIKATA A UNGUWAR AJIYA, JIMETA

Shugaban taro, dattawan Ajiya, malamai, 'yan'uwana ma'aikata maza da mata.

An nemi in yi muku bayani a kan ɗinkin littattafan rubutu da hannu, sana'ar da nake yi da dare da ranakun hutu, bayan na taso daga kamfanin da nake aikin akawu. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, albashi ya daina kai ma'aikaci ƙarshen wata. Ko da aka mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a 2024, kasuwa ta riga ta yi gaba. Don haka neman abin yi na biyu ba kwaɗayi ba ne.

Amma kafin kowa ya sayi zare, sai ya san matsayinsa. Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na 5, ya hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kansa, in ban da noma. Wanda ke cin albashin gwamnati, to ya koyi ɗinkin don ranar ritaya. Mu ma'aikatan kamfanoni da shaguna da makarantu masu zaman kansu kuwa, sai kowa ya duba takardar ɗaukarsa aiki, ya kuma shaida wa maigidansa.

Aikin takarda ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Malaman Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, sun yi rubutu a kan takardar Italiya mai alamar jinjirin wata 3, wadda fatake suka ratso Sahara da ita, dukawa kuma suka yi mata gafaka. Mu dai ɗinki muka ƙara.

Kayan aikin ba su da yawa: takarda, kwali, zare, basilla, gam da wuƙa mai kaifi. Rim ɗaya warka 500 ne. In ka ninke warka 20 biyu, ka huda ƙofa 3 a kan ninkin, ka ɗinke, ka sami littafi mai shafi 80. Ashe ke nan rim ɗaya zai ba ka littafi 25. Da damina laimar Binuwai takan sa takarda ta lanƙwashe, da hunturu kuma gam yakan bushe tun ba ka manna bango ba. Maganin lanƙwashewar shi ne a danne littafin da katako da dutse ya kwana.

Kada ku yi gasa da injin madaba'a a kan littafin 'yan makaranta, domin ya fi ku arha. Ku nemi abin da injin ba ya kulawa da shi: littafin bashi na mai shago a kasuwar Jimeta, da na uwar adashi, da na awon tela, kowanne da layukan da mai shi yake so. Kuɗin sana'a kuma a raba su da albashi, a sa ladan gumi cikin farashi.

Abin da ya fi duka shi ne amana. Na taɓa karɓar aikin da ya fi ƙarfina gab da komawa makaranta a watan Satumba. Na kwana 3 ina ɗinki, har na yi kuskure a lissafin ofis, aka ba ni takardar gargaɗi. Laifina ne. Tun daga ranar ba na karɓar abin da ya wuce rim ɗaya a mako, ba na taɓa takardar ofis ko warka ɗaya, ba na kuma amsa mai saye a lokacin aiki. Albashin nan shi ya saya mini rim na farko, kuma shi ke ciyar da gida a watan da babu ciniki.

Allah ya sa wa neman kowa albarka.