Daga Ruwan Batir Zuwa Takin Shinkafa: Lacca Kan Asid Masu Oksijin



Duk mai cajin batir ya san ruwan batir: ya ɗiga a riga, sai ta huje. Asid ɗin salfurik ke nan, H₂SO₄, wanda aka tsarma da ruwa har ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku. Ga yadda gininsa yake: ƙwayar zarra ɗaya ta farar wuta a tsakiya, oksijin huɗu sun kewaye ta, biyu daga cikinsu na riƙe da haidirojin. Sauran biyun da ba su riƙe da komai su ne ke jan ilektiron zuwa wajensu, sai riƙon haidirojin ya yi sako-sako, ya saɓule ya shiga ruwa. Sauƙin saɓulewar nan shi ne ƙarfin asid. A rage oksijin ɗaya ya zama H₂SO₃, nan take kaifinsa ya ragu ƙwarai. Haka HNO₃ ya fi HNO₂ ƙarfi nesa ba kusa ba.

Lavoisier na Faransa ya zaci kowane asid sai da oksijin, amma a 1810 Humphry Davy na Ingila ya nuna cewa haidirokulorik, irin wanda ke cikin tumbinmu, ba shi da ko kaɗan. Ashe masu oksijin dangi guda ne kawai cikin asid.

Iyayenmu mata sun san mai rauni a dangin. In kun jefa kanwa a ruwan tsamiya ta yi kumfa, asid ɗin kabonik ne ya fito daga kanwar, bai iya tsayawa ba ya rabe zuwa ruwa da iska.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne fosfet. Shinkafa na buƙatarsa don saiwa da cikar tsaba, ga shi dutsensa ba ya narkewa a ruwa sai da ƙyar. A 1842 John Bennet Lawes ya yi rajistar dabarar jiƙa shi da salfurik, ya zama sufa, takin da saiwa ke iya sha. A kan wannan dabara aka gina masana'antar takin sufa ta Kaduna a shekarun 1970. Dutsen kuwa yana nan kwance a yankin Dange da Shuni cikin Jihar Sakkwato, akwai shi kuma a Tawa ta Nijar. Duk da haka, yarjejeniyar takin 2016 daga Maroko ta ɗauko mana fosfet. A nan Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Nuwamban 2015, injinan casar shinkafa na Labana da na WACOT da ke Argungu na jiran shanshera, amma abincin shukar sai ya ƙetaro teku. Wallahi abin na damuna.

Ɗaliban Kwalejin Waziri Umaru da na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ku ɗebo dutsen Dange ku niƙa, ku auna yawan fosfet ɗinsa, ku gwada salfurik nawa yake sha, sannan ku jarraba takin a ƙasar fadamar Rima. In za ku tsarma asid ɗin, ku sa tabarau da safar hannu, ku zuba shi cikin ruwa kaɗan-kaɗan. Kada ku taɓa zuba ruwa a kansa, don zafin da zai tashi na iya watso muku shi a fuska.