Jawabi a Kan Lambar da Ke Jikin Kaya

Yau maganarmu a kan zanen nan ne baƙi da fari da muke gani a jikin kwali da kwalba. Lamba ce, watau sunan kaya wanda na'ura ke karantawa da haske.

A manyan masana'antu kwamfuta ce ke ba injuna umurni, ita kuwa ba ta da ido. Saboda haka kowane akwatin kayan haɗi sai an manna masa lamba. In ya zo wucewa na'ura ta karanta, ta gaya wa kwamfuta abin da ya shigo da inda ya nufa. Aikin akawu da littafinsa ke nan inji ya karɓe.

A Japan, ma'aikatan kamfanin Denso mai yi wa Toyota kayan mota sun sha wahala, domin lamba mai layi-layi haruffa kamar 20 kaɗai take ɗauka, akwati guda sai an karanta lambobi da yawa. A 1994 Masahiro Hara da abokan aikinsa suka ƙago mai kusurwa huɗu, QR, wadda ke ɗaukar alƙaluma fiye da 7,000.

To, 'yan kasuwa, mu yi hattara. In mai layi-layi ta fara da 615, a Nijeriya aka yi rajistarta, ba lalle a nan aka ƙera kayan ba. Mai jabu kuwa yana iya buga lambar wani a kwalinsa, na'ura ta karanta ba ta ce uffan ba. Kada dillali ya nuna mana zane mu zuba kuɗinmu ba mu buɗe kwali ba.