Kafin a ɗora fenti a bango

Damina ta ɗauke, masu fenti sun fara hawa tsani a unguwanni. Abin takaici, bangon da aka shafa bana, baɗi war haka ya soma ɓarewa, mai gida yana ta zargin an sayar masa da jabun fenti. Sau da yawa gaggawa ce ta jawo.

Sabuwar filasta tana buƙatar kimanin kwana 28 kafin siminti ya gama kamawa, kuma a kwanakin farko ruwa take so safe da yamma. In aka riga ta da fenti, danshin ciki zai nemi mafita, ya kumbura fentin, ya bar farin gishiri kamar kanwa a jikin bango.

Tsohon bango kuwa, sai an bi shi da hannu. A ƙwanƙwasa filastar. Inda ta yi ƙarar fanko ta rabu da bulo ke nan, a fasa wurin a sake yaɓawa. A kankare tsohon fentin da ya tashi, a goge gansakuka da buroshin waya, a wanke ƙurar hunturu, a bari ya bushe sarai. Ƙaramar tsaga a ɗan buɗe bakinta a cike. Wadda ta ratsa bulo kuma, injiniya ya kamata ya gani.

Don Allah a duba indararo. Muddin ruwan sama na zuba a jikin bango, ko fenti mai tsada ba zai daɗe ba. Bayan nan a fara da shafin farko mai kama siminti, da hantsi ko la'asar, kada a yi da tsakar rana bango na zafi.