Karta Ba Ta Tuna Rabon Baya

'Yan'uwa malaman lissafi daga Anka, Gummi da Bukkuyum,

Ba zan ɓata muku lokaci kan haramcin caca ba. Aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ta yanke hukunci, kuma kowa ya san matsayin Zamfara tun shekarar 2000. Inda na daɗe ina jayayya da hukumomi shi ne zatonsu cewa da an watsa majalisar karta magana ta ƙare. An ƙwace kartar, amma tunanin da ke zaunar da mutum a gindinta yana nan, ya koma cikin waya: "Sau goma ana cinye ni, wannan karon nawa ne."

Mu yi lissafin. Karta 52 ce, sarakuna huɗu. A nau'in wasan poka da ya fi yaɗuwa, kowa ana raba masa biyu. Yiwuwar ta farko ta zama sarki 4 ce cikin 52. Ta biyu 3 cikin 51, domin ɗaya ya riga ya fita. Ku ninka, ku rage: 1 cikin 221. Ku dubi yadda 52 ta koma 51, wato a cikin rabo guda abin da ya fita yana canja lissafi. Amma da zarar an tattara an gauraya, komai ya koma farko. Wanda aka yi rabo 220 bai ga sarakuna biyu ba, a rabo na gaba damarsa 1 ce cikin 221. Wanda ya same su yanzun nan, shi ma 1 cikin 221. A nan ɗalibanmu ke tuntuɓe: sun ɗauka 221 layi ne da ake jira har ya zo kan mutum. A Monte Karlo, cikin 1913, ƙwallon caca ya faɗa kan baƙi sau 26 a jere, mutane na ta zuba dukiya kan ja don wai lokacinsa ya yi.

Mai haƙar zinari a Bagega da ya tona ramuka bai samu ba, ya sayar da akuyar matarsa don na gaba, wannan ciwon ne ke damunsa. Nasa ma ya fi muni, domin ramukan banza a wuri guda alama ce ta a tashi daga wurin.

Wasu abokan aiki sun ce koyar da wannan lissafin karta koya wa yara caca ne. Ban yarda ba. Wanda ya iya lissafin shi ne ba a cuta.

Roƙona tsoho ne. A daina ajiye darasin yiwuwa sai dab da jarrabawar WAEC. A fara shi tun ajin farko na babbar sakandare, a bayyana shi da Hausa, kowane yaro ya jefa kwabo sau ɗari ya rubuta abin da ya fito da hannunsa. Malamanmu masu wa'azi kuma a zauna da su a nuna musu wannan 221, su haɗa ta da ayar in sun hau mumbari.