Amsoshin Wasiƙunku: Reza, Taurin Gashi Da Ƙurajen Aski

Wasiƙar farko a yau ta fito ne daga hannun wani manomin shinkafa da alkama a Karfi, cikin ƙaramar hukumar Kura. Bayan gaisuwa da fatan alheri, malamin ya ce shi mutum ne mai taurin gashin fuska, har wanzamin unguwarsu kan yi masa tsiya wai gashinsa na dakusar da aska. Duk sa'ad da ya yi gyaran fuska, bayan kwana biyu ko uku sai ƙuraje su feso masa a wuya da ƙarƙashin muƙamuƙi, ga ƙaiƙayi ga raɗaɗi, balle in ya shiga gona gumi ya sauko. Wasu har sun yi ruwa, inda suka warke kuma sun bar baƙin tabo. Ya koma sayen abin askin roba mai baki uku, sai abin ya ƙaru. Yanzu ya ga irin na ƙarfen nan da ake kwancewa a sa reza a ciki, shi ne yake tambaya ko ya saya, in kuwa zai saya wane iri, kuma da wace reza.

To malam, mun gode da wasiƙarka. Ka kwantar da hankalinka, ba sammu ba ne, ba kuma mugun jini ba ne. Likitocin fata sun daɗe da sanin wannan larura, kuma ta fi kama mu baƙar fata. A rundunar sojan Amurka, inda aka daɗe ana tilasta wa soja ya aske fuskarsa, an ƙiyasta cewa tsakanin kashi 45 zuwa 83 cikin 100 na baƙaƙen sojoji masu aski sun yi fama da ita.

Ga yadda abin yake faruwa. Gashin Bature a miƙe yake fitowa, namu kuwa tun daga cikin ramin da yake tsirowa a lanƙwashe yake. In reza ta yanke shi sai ta bar masa tsini, kamar yadda ake feƙe tsinke. Da ya ɗan taso sai ya lanƙwaso ya soki fata ya koma ciki. Shi kuma jiki ba ya gane cewa nasa ne, yana ɗaukarsa tamkar ƙaya ko sartse, sai wurin ya kumbura. Wannan kumburin shi ne ƙurjin da kake gani.

Dalilin da ya sa mai baki uku ya ƙara maka ciwo kuwa, dabarar ƙirarsa ce. Kamfanin Gillette ya fito da mai baki biyu a 1971, mai baki uku kuma a 1998. Bakin farko yana ɗan jawo gashin waje, na bayansa ya yanke shi kafin ya koma, sai guntun ya nutse ƙasa da fata. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan shi ne sumul. Ga mai murɗaɗɗen gashi irinka, tsinin nan yana can ciki, kafin ya sami hanyar fitowa ya riga ya huda gefe. Kai abin da kake bukata shi ne a yanke gashin daidai da fata, ko ma a bar masa ɗan tushe kamar yadda kuke barin tushen shinkafa bayan yanka. Saboda haka amsar tambayarka ta farko ita ce e, ka sayi na ƙarfen mai reza ɗaya.

Amma kada ka ɗora shi a kan fuskar da ke da ƙuraje. Ka ajiye aski tukuna na mako uku zuwa huɗu, in gashin ya dame ka a rage maka da kilifa ko almakashi, ba tare da an kai fata ba. Safe da yamma ka jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi ka gasa wurin. Gashin da ka ga ya lanƙwashe ya shige, ana iya ɗago kansa da allurar da aka tafasa, amma kada a tsige shi, don in ya sake tsirowa ta cikin rauni zai biyo. In ma ka ga barin gemun da sajen ya fi maka, to wannan shi ne maganin da babu kamarsa, sai dai ka riƙa datsewa.

Shi wannan gidan reza tsohon abu ne. Wani Ba'amurke mai suna King Gillette ne ya fara sayar da shi a 1903, a shekarar kuwa guda 51 kacal ya sayar, da reza 168. Ya bazu ne bayan da aka raba wa sojojin Amurka shi lokacin yaƙin duniya na farko. Rezar wancan zamani tsatsa take yi cikin 'yan kwanaki, sai a 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da ta farin ƙarfe marar tsatsa. Na kawo wannan ne don ka riƙa duba takardar reza ka ga an rubuta Stainless, domin ku mutanen bakin kanal ba kwa rabuwa da laima.

In ka je saye, a Kura ne ko ka shiga Kano kasuwar Sabon Gari, za ka tarar da iri biyu ta fuskar buɗewa. Akwai mai kashi uku, wanda ake warware mariƙin, murfi da faranti su rabu. Akwai wanda ake murɗa gindinsa kansa ya buɗe kamar ƙofa mai ganye biyu. Ni dai na fi son mai kashi uku, don ba shi da abin lalacewa, kuma yana wankuwa sarai. Sai ka dubi gefen farantin. Wani yana da haƙora kamar mataji, wani kuma sanda ce miƙaƙƙiya. Mai haƙoran yana cin dogon gashi da sauri, amma yana barin bakin reza a fili, ba na mai fata marar jimiri ba ne. Ka ɗauki mai sandan.

Kada ka biya sai ka sa reza a ciki ka ɗaure a gaban mai kaya. Ka ɗaga shi ka duba: bakin rezar ya leƙo daidai wa daida ta ɓangarorin biyu? Ya miƙe ko ya karkace? In gefe ɗaya ya fi leƙowa, ajiye masa kayansa, wannan shi ne mai yanka mutum. Ka kuma dubi ratar da ke tsakanin bakin reza da sandan. Mai faɗin rata ya fi ci, mai ƙaramar rata ya fi sauƙi, kai mai ƙaramar kake so. A ƙarshe ka auna shi a hannu. Mai ɗan nauyi ya fi, don nauyinsa ne zai yi aikin, mariƙin kuma ya zama mai zane-zane yadda ba zai suɓuce da kumfa ba. Masu arahar yawanci gaurayen ƙarfe ne mai gautsi, in ya faɗi a kan siminti wuyansa kan karye, sai a kula.

Yanzu sai ita rezar, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure. Sai mutum ya ce tun da fatata ba ta son wahala bari in nemi reza marar kaifi sosai. Ai dakusasshiyar reza ita ce mai wahalar da fata. Duk wanda ya taɓa yankan alkama da lauje marar kaifi ya san yadda ake yi: sai ka ja, ka sake ja, ka ƙara ƙarfi. Haka reza take yi wa gashi mai tauri, tana fizgarsa, kai kuma kana dannawa kana maimaitawa har fata ta saluɓe. Mai taurin gashi da raunin fata, kaifaffiyar reza yake bukata a cikin gida mai sauƙin ci.

Duk rezar nan mai baki biyu girmansu ɗaya, kowace za ta shiga kowane gida. Da Tiger, da Nacet, da Super-Max, da Dorco ta ƙasar Koriya, duk ba baƙi ba ne a teburin masu tireda. Masu aski da yawa na yaba kaifin Nacet da Astra. Feather ta Japan ta yi suna wajen kaifi fiye da saura, in ka ci karo da ita kada ka fara koyo da ita. Derby ta Turkiyya tana da sauƙi, amma masu taurin gashi kan yi kukan tana ja. Ba zan ce maka ga guda ɗaya ba, domin fuska ta bambanta. Ka sayi iri uku, ka yi mako biyu da kowace, kada ka canza sabulu ko wani abu a tsakani, fuskarka za ta faɗa maka. Gashi irin naka, aski uku ko huɗu ya ishi reza ɗaya, da ka ji ta fara ja ka sauya. Kana a yi hattara da jabu. Rubutun da ya dushe a jikin kwali, ko reza mai ɗigon tsatsa tun tana cikin takarda, alama ce.

To ko da ka sami kaya masu kyau, rabin aikin a hannunka yake. Busasshen gashi tauri gare shi, in ya sha ruwan ɗumi na minti uku sai ya yi laushi. Don haka bayan wanka ya fi. Ka yi kumfa da sabulun wanka mai sauƙi ko man aski, ban da sabulun wanki da omo. Kafin nan ka shafa fuskarka da yatsa ka gane inda gashin ya kwanta, domin na wuya sau da yawa ba ƙasa yake kallo ba, wani gefe yake yi, wani ma sama. Inda ya kwanta nan za ka bi. Kada ka ja fata da ɗaya hannun, kada ka hura kumatu, kada ka danna. Ka ɗora kan abin a kumatu, ka sauko da mariƙin sannu a hankali har ka ji reza ta fara kama gashi, to a nan za ka tsaya. Ja gajere-gajere, kana ɗaurayewa, sau ɗaya a kowane wuri. In ka shafa ka ji ɗan kaushi ya rage, bar shi, shi ne lafiyarka. Ka riƙa yi duk bayan kwana biyu ko uku, kada gashin ya yi tsawon da zai lanƙwaso.

In ka gama ka wanke da ruwan sanyi. Inda ya ɗan yi jini ka goga alif ka ɗauraye, sannan ka shafa man kaɗe kaɗan, musamman da hunturu lokacin ban ruwan alkama da fata ke tsagewa. Turare da sifirit raɗaɗi kawai za su ƙara maka.

Abu biyu kuma da suka shafe ku manoman rani. Na ɗaya, ka mai da askinka na yamma bayan an taso daga gona. Wanda ya yi aski da safe ya goya tankin feshi, ya buɗe wa maganin ƙwari ƙofa ke nan, don guba ta fi shiga ta fatar da aka kankare. Na biyu, ruwan kanal ɗin nan da ke gangarowa daga madatsar Tiga albarka ne ga shuka, amma an san yankin da cutar tsargiya, ga dattin da ke shiga ciki. Ruwan aski ya zama na rijiya ko na burtsatse, in babu sai na kanal to a tafasa shi.

Game da baƙin tabon, kada kowa ya ruɗe ka da man bilicin ko 'yan man shafawar nan na cikin tub da ake sayarwa barkatai. Da yawansu na ɗauke da magani mai ƙarfi wanda ke kwantar da ƙurji yau, amma in aka daɗe ana shafawa ya sirantar da fata. In ƙurajen suna fitar da mugunya, ko suna tauri suna tudu, ko sun kama ƙeya, ka je babban asibitin Kura, in ta kama su tura ka wurin likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗan kasuwar tumatir ce a Kwanar Gafan. Ya ce lokacin kaka ta tumatir sukan yi kwanaki a kasuwa, sai mutum uku ko huɗu su yi aski da abu ɗaya, kowa ya goge da sifirit. Yana tambaya ko hakan ya wadatar.

Alhaji, bai wadatar ba. Kowa tsoron ƙanjamau yake yi, alhali ciwon hanta nau'in B ya fi shi saurin kamuwa nesa ba kusa ba. Ƙwayar cutar na iya yin kwana bakwai da ranta a cikin busasshen jinin da ido ma ba ya gani. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ita, yawancinsu kuma ba su sani ba, garau suke yawo. Gogewa ta sakan biyu ba ta isa ba. Kowa ya riƙe nasa, har gidan rezar, domin jini na maƙalewa a cikinsa.

Wannan ba suka ba ce ga wanzamai. Sana'a ce ta gado mai daraja, har da sarautarta ta Sarkin Aska, kuma da yawansu sun koma amfani da sabuwar reza. Ka dai tabbata a gabanka aka ɓare ta. In kuwa askar gargajiya kake so, ka sayi taka ka riƙa zuwa da ita, ko a tafasa ta wanzamin minti 20. Allurar rigakafin wannan ciwo ta shiga cikin ta jarirai a ƙasar nan tun 2004, manya ma ana yi musu, sau uku, bayan an gwada jini.

Tsohuwar reza kuma kada a yar a tsakar gida ko bakin kanal, inda yara za su tsinta su feƙe fensir. A huda murfin gwangwanin madara a riƙa zurawa, in ya cika a binne.

Akwai mai tambaya daga Bunkure a kan hodar askin nan da ake kwaɓawa a shafa gashi ya zube, amma lokaci ya ƙure mana. Wasiƙarka ce za mu fara buɗewa mako mai zuwa in Allah ya kai mu, kafin nan dai kada ka shafa ta a kan ƙurji ko rauni. A huta lafiya.