Gonar da Irmiya Ya Saya

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Irmiya, sura 32. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa da shi, sai ya buɗe mu bi tare.

Abin ya faru a shekara ta 10 ta sarautar Zadakiya, wajen shekara 587 kafin haihuwar Almasihu. Sojojin Nebukadnesar sarkin Babila sun kewaye Urushalima, ba shiga ba fita. Irmiya kansa yana tsare a fadar sarki, domin ya faɗa wa sarki gaskiya cewa birnin zai faɗi. Ana cikin wannan hali sai ga Hanamel, ɗan baffansa, ya zo yana so Irmiya ya sayi gonarsa da ke Anatot, tun da shi ne ɗan'uwa na kusa mai hakkin fansa.

To, 'yan'uwa, wane mai hankali ne zai sayi gona a lokacin nan? Anatot ba ta fi tafiyar kilomita 5 daga Urushalima ba, ƙasar duk tana hannun abokan gāba. Mutanen Anatot ɗin ma sun taɓa neman ran Irmiya, kamar yadda sura 11 ta nuna. Amma Ubangiji ya riga ya ce masa ya saya. Sai ya auna shekel 17 na azurfa, ya sa hannu a takarda, ya kira shaidu, ya buga hatimi. Ya ba Baruk ɗan Neriya takardun, ya ce a sa su cikin tukunyar ƙasa don su daɗe ba su lalace ba. Dalili kuwa, Allah ya yi alkawari za a sāke sayen gidaje da gonaki a ƙasar.

Ku lura da tukunyar nan. Irmiya ya san jiran zai yi tsawo. Hananiya, annabin ƙarya, ya riga ya yi wa jama'a alkawari cewa cikin shekara 2 kome zai daidaita. Irmiya kuwa ya ce shekara 70. Har yau akwai irin su Hananiya a kan bagade, masu cewa kawo baiko yau, gobe wahalarka ta ƙare. Ku yi hankali da su. Maganarsu da daɗi, amma in ranar ta zo ta wuce, bangaskiyar mutum ce take karyewa.

Bayan cinikin kuma Irmiya ya yi addu'a, ya kai kukansa ga Allah, ya ce ga birnin yana faɗuwa, ga shi an ce masa ya sayi gona. Ashe mai bege ma yakan damu. Sai dai ya yi biyayya tukuna, sa'an nan ya yi tambaya.

Birnin ya faɗi. Daga baya aka tafi da Irmiya Masar ba da sonsa ba. Amma ku buɗe Littafin Ezra, sura 2, inda aka lasafta waɗanda suka komo daga bauta bayan Sairus ya ba da izini. A aya 23 za ku ga mutanen Anatot, su 128.

Ɗan'uwana da tashin hankali ya raba ka da gonarka, kada ka yar da takardarta. 'Yar'uwata gwauruwa, mai sayar da ƙosai don kuɗin makarantar yara, kina tambaya ko akwai amfani, ki ci gaba da biya. Kai dattijo, dasa mangwaron nan, ko da jikoki ne za su sha.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka dubi waɗanda suke kwana a gidajen da ba nasu ba, ka ba su abincin yau, ka tsare 'ya'yansu. Cikin sunan Yesu, Amin.