AWO DA MUDUN WANI

Jawabin da kwamitin ilimi da matasa ya gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya, washegarin Kirsimeti

 

An ɗora mana nauyin yin magana a kan ci gaban matasa, amma da muka zauna sai muka ga akwai wata damuwa da ta riga wannan, wadda ba a cika faɗinta a bainar jama'a ba. Duk wanda ya saba halartar wannan taro zai lura akwai fuskokin da muka daɗe ba mu gani ba. Idan aka tambaya sai a ce kuɗin mota ne, kuma gaskiya ne tafiya ta yi tsada tun da aka janye tallafin man fetur a 2023. Sai dai mu da muke zaune tare da waɗannan 'yan'uwa a birni mun san akwai abin da ya fi kuɗin mota nauyi. Idan aka keɓe da mutum sai ya ce, "Da me zan je gida? Wane da muka gama firamare tare ya gina bene, ni kuwa har yau ɗaki ɗaya nake haya." Wata kuma ta ce ƙawayenta duka sun yi aure, ba za ta iya jure tambayar gwaggo da inna ba. Wato kunya ce take riƙe su, kunyar kuwa ta samo asali ne daga auna kai da mudun wani.

Wannan hali ba sabo ba ne. Tun a 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke, Leon Festinger, ya bayyana cewa idan mutum ba shi da tabbataccen ma'auni na sanin matsayinsa, yakan duba na kusa da shi, musamman tsararsa, ya gwada kansa da su. Shi ya sa dukiyar attajiran Legas ba ta hana mu barci, amma motar ɗan ajinmu takan hana. Abin da ya ƙaru a zamaninmu shi ne wayar hannu. A da sau ɗaya a shekara ake ganin juna, yanzu kuwa kullum safiya Facebook da WhatsApp suna kawo mana hoton sabon gida da bikin aure da tafiya Ingila. Ba wanda yake ɗora hoton takardar bashi ko ta sallama daga aiki. Sau da yawa kallon kitse muke yi wa rogo, mu kuma zauna muna ƙunci a kansa.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana inda wannan hanya take kaiwa. A littafin Sama'ila na fari, sura 18, Sarki Saul ya dawo daga yaƙi da nasara, matan Isra'ila suka fito tarye da waƙa, suka yabe shi, amma yabon da suka yi wa Dauda ya fi nasa. A ranar nan ba abin da aka rage wa Saul. Gadon sarauta nasa ne, mayaƙa nasa ne, nasarar ma ta mulkinsa ce. Duk da haka daga wannan rana ya sa wa Dauda ido, ya ɓata shekaru yana farautar yaron da yake yi masa hidima da aminci, alhali Filistiyawa suna bakin iyaka. Mu lura da wannan, domin haka abin yake cin mutum: ba ya taɓa abin da ke hannunsa, sai dai ya sa ya daina ganinsa.

Akwai kuma ɗaya fuskar, wadda ta fi yawa a tsakanin matasanmu, wato mutum ya raina kansa har ya kasa motsi. A misalin talanti da ke Matiyu sura 25, maigida ya ba bawa ɗaya talanti 5, wani 2, wani kuma 1, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne, mai 5 da mai 2 yabo iri ɗaya suka samu, ko da yake ribarsu ba ɗaya ba ce. Ba a tambayi mai 2 dalilin da bai kai 10 ba. Wanda aka tsauta wa shi ne mai 1, kuma laifinsa tsoro ne, tsoron da ya sa ya haƙa rami ya binne abin da aka ba shi. Muna da irinsa da yawa: mai takardar NCE da ya ƙi neman koyarwa domin abokansa suna da digiri, da yarinyar da ta iya ɗinki amma take ɓoyewa kada a ce ta yi jami'a ta ƙare a kan keke. Musa ma ya kawo hujjar nauyin baki sa'ad da aka aike shi wurin Fir'auna. Allah bai janye aiken ba, ya dai haɗa shi da Haruna. Sa'ad da Bitrus kuma ya juya ya tambayi Ubangiji makomar Yohanna, a sura ta ƙarshe ta Bisharar Yohanna, amsar da ya samu ta nuna masa cewa wannan ba huruminsa ba ne, nasa shi ne ya bi.

Tarihin bishara a ƙasarmu ma shaida ne. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shigowa Arewa. Cikin shekara guda Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham kuwa ya koma gida da zazzaɓi. Ya sake gwadawa a 1900, bai yi nasara ba. Sai a 1902 ayari na uku ya kafa tasha a Patigi. Da a ce Bingham ya auna kansa da mishan ɗin da suka riga suka kafa majami'u da makarantu a Abeokuta da Onitsha, da ya ce shi ba a kira shi ba. Daga wannan aiki ne ECWA ta fito a 1954, inda da yawa daga cikinmu muke sujada a yau.

Mu 'ya'yan manoma ne, ko da mun daɗe a birni. Mun san ana girbin gero tun damina ba ta ɗauke ba, dawa kuwa sai hunturu ya kama, rogo kuma yakan kai shekara a ƙasa. Ba mu taɓa ganin manomin da ya tuge dawarsa domin geron maƙwabci ya nuna ba. Sai dai kada a fahimce mu a karkace. Ba muna cewa mutum ya naɗe hannu ya ce lokacinsa bai yi ba. Dawa ma sai an yi mata noma an sa mata taki. Manzo Bulus ya gargaɗi Galatiyawa, a sura 6, cewa kowa ya gwada aikin kansa, ba tare da jingina shi da na wani ba. Ma'aunin ke nan: ina muke bara, ina muke bana? Wanda ya koyi gyaran waya ko haɗa wutar sola, wanda ya rage bashi, wanda ya bar shan abin da yake sha, wanda ya koma karatu a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa yana da shekara 40, duk sun ci gaba, ko da ba wanda ya tafa musu. Wanda kuwa ya ci bashi da ruwa don ya zo gida da motar haya ya ce tasa ce, to ya sani kayan aro ba ya rufe katara, watan Janairu yana jiransa.

Iyayenmu, muna roƙonku da ladabi. Kalmar nan ta "dubi ɗan gidan wane" tana da kaifi fiye da yadda ake zato. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, kuma daga cikinsa ɗanku zai biya haya da mota da abinci kafin ya aiko gida. Idan ya zo da sabulu da sukari kaɗai, a karɓa a sa masa albarka.

Saboda haka kwamiti yana gabatar wa taro shawarwari don a tattauna. Muna roƙo a lokacin ƙaddamar da asusun gina ɗakin shan magani, a daina shelar adadin da kowa ya bayar ta lasifika. A rubuta a littafi, a ba da rasit, a karanta jimla kawai, domin mai naira 2,000 ya iya miƙa tasa ba tare da sunkuyar da kai ba. Muna kuma roƙon kowane reshe ya rubuta sunayen masu sana'a da ma'aikatan da suka yarda su ɗauki matashi ɗaya su koya masa aiki, a miƙa wa sakatare kafin Ista. Game da 'yan'uwan da suka daina zuwa, shugabannin rassa sun san gidajensu. A je a gaishe su, kada a fara da zancen kuɗin ƙungiya da ake bin su, a kuma gaya musu muna jiransu baɗi.

Mai girma shugaba, abin da kwamiti ya tanada ke nan.